Tambayoyi da amsoshi kan gabatar da ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja a shafin ƙungiya

Ƙungiyar masu haɗa manhaja a buɗe, wato manhajar da kowa ke iya ganin kod ɗinta ya gyara ya raba, kan fara ne da aiki guda. Bayan shekara biyu ko uku sai a wayi gari ayyukan sun kai goma sha wani abu: wannan na waya, wancan na sabar, ga wani da ɗalibi ya fara, ya samu aiki ya tafi bai sake waiwayarsa ba. Shafin ƙungiyar kuwa yana nan yadda aka bar shi ranar da aka buɗe shi. Yawancin misalan da ke ƙasa daga manyan gidajen buɗaɗɗiyar manhaja irin su Apache, Debian, GNOME, KDE da F-Droid (shagon manhajojin Android) suke, saboda sun daɗe suna fama da wannan lamari, kuma kowa na iya buɗe shafukansu ya gani da idonsa.

Duk ayyukanmu suna GitHub. Me ya sa sai mun sake yin wani shafi?

Saboda GitHub da takwarorinsa irin su GitLab da Codeberg wuraren aikin masu rubuta kod ne. Wanda ya buɗe jerin rumbunan ƙungiya, wato ma'ajiyar kod ɗin kowane aiki, zai tarar an jera su bisa wanda aka taɓa kwanan nan, don haka wani ɗan rubutu da aka gyara wa waƙafi jiya zai hau saman manhajar da kuka shekara biyar kuna ginawa. Akwai damar kafe rumbu shida a sama, amma shida ba za su wadatar da ƙungiya mai ayyuka ashirin ba. Malamin makarantar da ke neman abin da zai girka wa ɗalibansa kuma ba abin da zai tsinta a jerin fayiloli.

Dalili na biyu, wurin ba naku ba ne. Google Code ya taɓa zama matattarar ayyuka masu ɗimbin yawa, aka rufe shi a 2016. Da Microsoft ya sayi GitHub a 2018, wasu ayyuka sun kwashe kayansu sun koma wani wuri. Ƙungiyar da ke da adireshinta na kanta tana iya sauya rumbu sau nawa ta ga dama ba tare da masu amfani da kayanta sun ɓata hanya ba.

Wa ya kamata mu sa a rai lokacin rubuta shafin?

Baƙo. 'Yan ƙungiya ba sa karanta shafin ayyuka, sun riga sun san inda komai yake. Mai karantawa shi ne wanda injin bincike ko wani aboki ya turo, bai san ku ba, kuma baƙo ko da ido makaho ne. Baƙin nan iri-iri ne. Mafi yawansu mafita suke nema ga wata matsala tasu. Kaɗan daga ciki suna son taimakawa. Akwai kuma masu zuwa don yanke shawara, kamar shugaban sashen kwamfuta na wata ma'aikata, ko mai ba da tallafi, ko ɗan jarida. A fara biyan buƙatar na farkon, domin sauran ma daga cikinsu suke fitowa: da wuya mutum ya taimaka wa manhajar da bai taɓa amfani da ita ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe shafi da tarihin ƙungiya, da manufofinta, da hotunan shugabanni. Duk suna da muhallinsu, amma a wani shafin daban. Idan kuna son gwadawa, ku miƙa wa wanda bai san ku ba wayarku, ku ce ya faɗa muku me kuke da shi kuma wanne zai yi masa amfani. Ku yi shiru ku kalli inda yake tsayawa yana laluben hanya. Kada ku taimaka masa, duk da bakinku zai yi ta ƙaiƙayi.

Me za mu rubuta a ƙarƙashin sunan kowane aiki?

Layi ɗaya da ke faɗin abin da manhajar ke yi. Wannan layin ya fi komai wahalar rubutawa a shafin gaba ɗaya, kuma shi ya fi komai amfani, domin sunayen manhajoji ba sa faɗin komai. Hadoop sunan wata 'yar giwar wasa ce ta ɗan Doug Cutting, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Kafka, Tomcat, Okular, Krita: wanda bai sani ba ba zai taɓa cankar aikinsu ba. GNOME, mai haɗa fuskar kwamfuta ta Linux, ta lura da haka, shi ya sa mai amfani da ita ke ganin manhajar fayiloli da sunan Files a maimakon Nautilus, kuma tun 2012 burauzar Epiphany take fitowa da sunan Web.

Manyan ayyuka sun kafa wa wannan layin ƙa'ida. Dokokin Debian, wani tsarin Linux, sun ce taƙaitaccen bayanin kowane ƙunshin manhaja ya kasance ƙasa da haruffa 80, kuma kada a maimaita sunan manhajar a ciki. Flathub, shagon manhajojin Linux, ta fi haka tsanani, shawararta kada ya wuce haruffa 35. Ba dole ne ku kai wannan matsewar ba, Hausa tana buƙatar ɗan fili. Abin koyi shi ne takurar tana tilasta wa marubuci ya zubar da kirari.

A ce kuna da manhajar lissafin shago. Wanda ya gina ta zai so ya rubuta cewa dandali ne na zamani mai sauri da aka gina da sabbin fasahohi don bunƙasa kasuwanci. Wannan jimla za ta hau kowace manhaja a duniya. A rubuta: "Rubuta cinikin shago da bashin da kake bi, ko babu intanet." Mai shago ya gane, wanda ba mai shago ba ma ya gane cewa ba tasa ba ce, ya wuce ba a ɓata masa lokaci ba. Harshen da aka rubuta kod ɗin da shi, Python ne ko Rust, ya sauka ƙasa inda masu son taimakawa za su neme shi.

Bayan layin sai hoton fuskar manhajar tana aiki, da na'urorin da take hawa, da lambar sigar ƙarshe tare da ranar fitowarta, da lasisi, da matsayin aikin, da hanyoyin saukewa da neman taimako da duba kod. Kowane aiki ya samu waɗannan a jere iri ɗaya, a wuri ɗaya, don ido ya saba.

Hoton dole ne?

Ga duk abin da ke da fuska, dole ne. Gani ya kori ji. A ɗauke shi daga sigar da ake saukewa yanzu, da bayanai masu kama da na gaske a ciki, kada a nuna taga fayau ba komai. A kula kada sunan wani ko lambar wayarsa ta shiga hoton. Idan kuma ɗakin karatun kod ne da masu haɗa manhaja kaɗai ke amfani da shi, layuka biyar ko shida na misalin amfani su ne hotonsa.

Ta yaya za mu jera su? Bisa haruffa, ko bisa rukunin da ke kula da kowanne?

Bisa aikin da suke yi wa mutum. Jeri bisa haruffa yana amfanar wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema ne kawai. Jeri bisa rukunoni ko kwamitoci kuwa tsarin cikin gidanku yake nunawa, wanda bai dami baƙo ba. Shafin manhajojin KDE ya kasa su zuwa na ofis, na zane, na ilimi, na wasanni da sauransu. Apache, mai ɗaruruwan ayyuka, ta ba da hanyoyi da dama: bisa fanni, bisa harshen kod, bisa kwamiti. Idan ayyukanku ba su wuce goma ba, ba ku buƙatar akwatin bincike ko hanyar tacewa. Shafi ɗaya mai kanun labarai uku ya isa.

A raba manhajojin da ake girkawa a yi amfani da su daga kayan aikin masu haɗa manhaja. Cuɗa su wuri ɗaya yana rikita kowa.

Wurin da rigima take shi ne wanne zai zo a sama. Kowane mai aiki yana ganin nasa ya cancanta, sai a guje wa ɓacin rai ta hanyar ba kowa akwati daidai da na ɗan'uwansa. Wannan adalci ne ga 'yan ƙungiya amma zalunci ne ga mai karatu, domin an ɓoye masa abin da kowa a cikinku ya sani, cewa biyu daga ciki ne aka fi dogara da su. GNOME ta warware nata da rukunoni: akwai manhajojin asali da ke zuwa tare da tsarin, akwai kuma Circle, wanda aka fara a 2020, na manhajojin masu zaman kansu da aka duba aka amince da ingancinsu. Ba wanda aka wulaƙanta, kowa ya san matsayinsa. Wanda ke son ganin ƙarshen tara komai a fuska ɗaya ya duba taswirar fasahohi ta CNCF, wata gidauniyar manhajojin sabar, taswira mai ɗaruruwan tambura cunkushe, wadda su kansu ma'aikatan fannin ke yi wa ba'a. Tana da amfaninta ga masana, amma ba a tarbar baƙo da ita.

Wasu ayyukanmu gwaji ne kawai. Mu faɗa, ko zai rage mana kwarjini?

Ku faɗa, a fili, kusa da sunan aikin. Duk shafin ayyuka a kan wannan yake tsayuwa ko ya faɗi. Mutum zai iya yafe muku shafi mara kyan gani. Abin da ba zai yafe ba shi ne ya ɗora bayanan asibitinsa ko makarantarsa a kan manhajar da kuka san gwaji ce, ba ku gaya masa ba.

Manyan gidauniyoyi ba sa jin kunyar wannan. Apache ta kafa Incubator a 2002, kuma duk aikin da ke can sai ya ɗauki alamar cewa yana matakin raino, tare da sanarwar cewa gidauniyar ba ta gama amincewa da shi ba tukuna. CNCF tana da matakai uku, Sandbox da Incubating da Graduated, kuma Kubernetes ne ya fara kai na ƙarshen a watan Maris na 2018. Wanda ya ga matakin ya san irin kasadar da yake ɗauka.

Ƙaramar ƙungiya ba ta buƙatar kwamitoci don yin haka. Kalmomi huɗu sun isa: gwaji, ana amfani da shi, gyaran tsaro kawai, an ajiye. Sharaɗin shi ne a rubuta ma'anar kowanne a wuri ɗaya, da abin da ake dubawa kafin aiki ya tashi daga wannan zuwa wancan. Misali, ba a cewa "ana amfani da shi" sai akwai siga da aka fitar, da bayanin girkawa, da aƙalla mutum biyu masu ikon karɓar gyara. Idan babu rubutaccen ma'auni, kowa zai liƙa wa aikinsa alamar da ta fi daɗin ji, cikin shekara guda alamomin sun zama ado.

To aikin da ya mutu fa? Mu goge shi?

Kada ku goge, kada kuma ku bar shi a jere da masu rai. Mai kemis na kirki ba ya barin maganin da wa'adinsa ya wuce a kan kanta tare da sabo, ko da kwalinsa na nan da kyansa. Gogewa kuwa tana karya hanyoyin da wasu shafuka suka yi nuni da su, tana kuma barin waɗanda har yanzu ke amfani da manhajar cikin duhu. A mai da shi wani sashe daban, a sa sanarwa a samansa: an daina kula da wannan aiki tun shekara kaza, ba za a ƙara gyara matsalar tsaro ba, ga abin da muke ba da shawara a koma. A rufe rumbun ya zama na karantawa kawai, GitHub da GitLab duk suna da wannan damar.

Apache ta ware wa wannan wuri na musamman tun 2008, mai suna Attic. Kowane aikin da aka ajiye yana da shafi da ke faɗin lokacin da aka ajiye shi da inda kod ɗinsa yake. Idan aikin ya ci gaba a wani wuri ana faɗa, kamar iBATIS da masu shi suka bar Apache a 2010 suka ci gaba da sunan MyBatis. CNCF ma ta ajiye wani aikinta mai suna rkt a 2019 ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba.

Labarin OpenOffice, manhajar aikin ofis, ya nuna yadda suna ke daɗewa bayan ƙarfi ya koma wani gida. A 2010, bayan Oracle ya sayi Sun, kamfanin da ke riƙe da OpenOffice, da yawa daga masu aikin sun ɓalle sun kafa LibreOffice. A 2011 Oracle ya miƙa OpenOffice ga Apache. Siga 4.1 ta fito a 2014, kuma shekara goma bayan nan ƙananan gyare-gyare ne kawai ke fitowa a kan wannan layin, alhali mutane na ta saukewa saboda sunan da suka sani. A Oktoban 2020 gidauniyar da ke bayan LibreOffice ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon a riƙa sanar da masu zuwa cewa akwai wata manhajar da aka fi kula da ita. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, abin da ke cikin rigimar shi ne me shafi ke gaya wa wanda bai san tarihin ba.

Idan za ku daina kula da wani abu, ku sa rana tun da wuri. Masu Python sun fara cewa za su daina kula da Python 2 a 2015, suka ga jama'a ba su shirya ba suka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020, kowa yana kallon ranar tana matsowa.

A kula kuma, shiru ba kullum ne mutuwa ba. Wata manhajar ta kammala ne. TeX na Donald Knuth an daina ƙara masa sabon abu tun wajen 1990, gyaran kuskure kawai ake yi jefi-jefi, kuma har gobe da shi ake buga littattafan lissafi. Idan naku irin wannan ne, ku rubuta haka, don kada a ga tsohon kwanan wata a gudu.

Mun taɓa gyara shafin tsaf, cikin 'yan watanni ya sake tsufa. Ina mafita?

Duk bayanin da aka rubuta a wuri biyu, ɗaya zai zama ƙarya ba da jimawa ba. Mai fitar da sabuwar siga yana gyara lamba a rumbu ya manta da shafi, tunda shafin a hannun wani yake. Mafita ita ce bayanin kowane aiki ya zauna cikin rumbunsa, a fayil guda, shafin kuma ya riƙa janyowa daga can da kansa.

Haka manya ke yi. Kundin ayyukan Apache daga fayilolin bayanin aiki masu suna DOAP ake gina shi, waɗanda kowane aiki ke kula da nasa. Shafukan manhajojin KDE da GNOME daga irin wannan fayil mai suna AppStream suke fitowa, kuma wannan fayil ɗin ne Flathub da shagunan manhaja na Linux irin su Discover da GNOME Software ke karantawa. Gyara ɗaya ya isa ko'ina. Ƙaramar ƙungiya za ta iya yin kwatankwacin haka da ɗan fayil na YAML a kowane rumbu da injin gina shafi irin Hugo ko Jekyll. Aikin yini ɗaya ko biyu ne ga wanda ya saba.

Sai dai inji lambobi da ranaku yake kawowa daidai. Idan bayanin da aka rubuta a fayil ɗin shirme ne, shirmen zai yaɗa. Har yanzu ana buƙatar mutum ɗaya mai kunnen harshe ya bi layukan duka ya daidaita su, kuma a ba shi ikon cewa wannan bai yi ba.

Mun rubuta cewa duk kayanmu kyauta ne. Bai wadatar a matsayin lasisi ba?

Bai wadatar ba. A dokar haƙƙin mallaka, kod ɗin da ba a sa wa lasisi ba na mai shi ne shi kaɗai, ko da yana fili kowa na gani. Ba wanda ke da izinin gyarawa ko rabawa. Kamfani ko ma'aikatar da ke da lauya ba za ta taɓa shi ba.

A rubuta sunan lasisin kowane aiki, da cikakkiyar sigarsa. GPL kaɗai bai isa ba, domin siga ta 2 ta 1991 da ta 3 ta 2007 sun bambanta. Hanya mafi sauƙi ita ce amfani da gajerun sunayen lasisi na tsarin SPDX, irin su MIT, Apache-2.0 ko GPL-3.0-or-later. SPDX ya zama ma'aunin ISO a 2021, kuma injuna na iya karanta shi. Mutane sun ƙara sa ido a kan wannan layin tun da HashiCorp ya sauya lasisin Terraform a 2023, Redis ma ya sauya nasa a 2024, har aka ɓalle aka kafa OpenTofu da Valkey a madadinsu. Masu yanke shawara yanzu suna tambayar wa ke riƙe da haƙƙin kod ɗin, kuma wa ke da ikon sauya lasisin gobe. Idan kuna da amsa mai kwantar da hankali, ku sa ta inda za a gani.

Yaya maɓallin saukewa ya kamata ya kasance?

Guda ɗaya babba, na sigar da kuke so yawancin mutane su ɗauka, da sunan na'urar da girman fayil ɗin a jikinsa. Wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan yana da haƙƙin sanin megabait 20 zai ja ko 600 kafin ya danna. Sigogin gwaji da tsofaffi su koma wani shafi. Idan manhajar tana F-Droid ko Flathub ko Play Store, a nuna, domin ta can ne sabuntawa ke zuwa da kanta.

A faɗi kuma a fili inda ake samun na gaskiya. A 2015 shafin sauke manhajoji na SourceForge ya riƙa raba GIMP na Windows, manhajar gyaran hoto, a naɗe da manhajojin talla ba da yardar masu GIMP ba, al'adar da sababbin masu kamfanin suka daina a 2016. A ranar 20 ga Fabrairun 2016 kuma masu kutse suka shiga shafin Linux Mint suka karkatar da hanyar saukewa zuwa wani fayil da suka dasa wa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse. Shi ya sa ake buga lambar tantancewa ta SHA-256 tare da sa hannu na dijital. Lambar kaɗai ba ta isa ba, tunda wanda ya iya sauya fayil a shafinku zai iya sauya lambar da ke gefensa.

Mu faɗi abin da manhajar ba ta iya yi?

E. F-Droid tana liƙa gargaɗi a jikin manhajar da ke nuna talla, ko bin diddigin mai amfani, ko dogara da wata sabar da ba buɗaɗɗiya ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa ake yarda da ita. Layi biyu sun isa: ba ta aiki a iPhone, sai da intanet, ba ta ɗaukar masu amfani da yawa a lokaci guda. Za ku rage wa kanku amsa tambaya ɗaya sau ɗari.

Ina za mu sa bayanin tsaro?

Inda za a same shi daga kowane shafi, galibi a ƙasa. Apache ta wajabta wa shafin kowane aikinta ya ɗauki hanyar zuwa bayanin lasisi da na tsaro. Abin da ake buƙata shi ne adireshin da mutum zai kai rahoton ɓaraka a asirce, da sigogin da har yanzu ake yi wa gyara, da jerin sanarwar da aka taɓa fitarwa. Akwai ma'auni na 2022, RFC 9116, da ya tsara ɗan fayil mai suna security.txt don masu bincike su san inda za su dosa. Ɓarakar Log4j, wani ɗakin karatun kod na Apache, da ta girgiza duniya a Disambar 2021, wani ma'aikacin Alibaba ne ya fara kai rahotonta ga Apache a asirce a ƙarshen Nuwamba. Idan babu irin wannan ƙofa, wanda ya gano matsala zai rubuta ta ne a bainar jama'a, ko ya yi shiru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abin da ƙungiyoyi ba sa son rubutawa: mutum nawa ne ke kula da aikin a zahiri. A Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana neman yarda a wurin mai kula da aikin, wanda ke ɗauke da nauyin shi kaɗai a lokacin hutunsa. Rubuta "mutum ɗaya ne ke kula da wannan, muna neman mataimaki" ba abin kunya ba ne. Masu dogara da aikin za su san halin da ake ciki, wataƙila ma wata ma'aikata ta ba da mutum ko kuɗi.

Masu son taimakawa fa, me za mu nuna musu?

Ƙofa takamaimai. "Muna maraba da gudummawarku" ba ta kai kowa ko'ina. A kowane aiki a sa hanyar zuwa ƙananan gyare-gyaren da aka ware wa sababbi, da bayanin yadda ake tayar da manhajar a kwamfutar mutum, da wurin da ake tattaunawa. Wuri ɗaya, wanda ake amsawa. Jera tashoshi biyar da huɗu daga ciki kufai ne ya fi rashin su muni. A ambaci ayyukan da ba na kod ba da sunansu: fassara, gwaji a tsofaffin wayoyi, zane, rubuta jagora.

Taurarin GitHub da tamburan kamfanonin da ke amfani da kayanmu, mu sa?

Taurari, wato alamar yabo da ake danna wa rumbu, suna nuna wanda ya taɓa burgewa ne, ba wanda ke amfani ba, kuma ana iya sayensu. Ranar fitowar sigar ƙarshe ta fi su faɗin gaskiya. Tambarin kamfani kuwa sai da izininsa a rubuce, kuma a cire shi ranar da ya daina amfani da kayan.

Muna son fassara shafin zuwa Hausa da wasu harsuna. Ta ina za mu fara?

Daga layin nan guda na kowane aiki, sai bayanin girkawa. Tarihin ƙungiya ya jira. A yi aikin a dandalin fassara irin Weblate, wanda ke nuna jimlar da aka sauya a asali don a san abin da ya tsufa. Shafin Debian yana sa sanarwa a saman fassarar da asalinta ya riga ta yin gaba, al'adar da ta cancanci kwaikwayo, domin tsohon umarnin girkawa yana iya jefa mutum cikin matsala.

Ga Hausa akwai abubuwa biyu na dubawa. Na farko, salon rubutun da kuka zaɓa ya kasance yana da ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana. Da yawa ba su da su, sai burauza ta aro daga wani salon, harafin ya fito a karkace ko ya zama akwati. Na biyu, a tsayar da ƙa'ida ɗaya: a Najeriya ana rubuta 'y, a Nijar ƴ, kowanne daidai ne amma kada a cakuɗa su a shafi guda. A kuma bambanta harshen shafi da harshen manhaja. Wanda ya karanta bayani da Hausa zai ɗauka manhajar ma da Hausa take. Idan ba haka ba ne a gaya masa kafin ya kashe datarsa.

Shafinmu yana da kyau a kwamfuta. Ya isa?

Ku buɗe shi a ƙaramar waya, a wurin da sabis ke da rauni. Jerin ayyuka rubutu ne da 'yan hotuna, ba dalilin da zai sa ya ƙi buɗewa sai an sauke tarin JavaScript. A matse hotuna, a bar bidiyo sai an danna. Ma'aunin WCAG, na sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, ya nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1, kuma kowane hoto ya samu bayani a rubuce saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Matsayin aiki ma a rubuta shi da kalma, kada a bar shi ga launin kore da ja kawai, akwai waɗanda ba sa bambance su.

Wa zai ɗauki nauyin duk wannan?

A naɗa mutum da sunansa, da mataimaki. Shafin ya zauna a rumbu kamar kowane aiki, yadda kowa zai iya turo gyara a duba a karɓa. A sa duba shafin cikin jerin abubuwan da ake yi kafin fitar da kowace siga. Sau ɗaya ko biyu a shekara a zauna a bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya ana tambayar ko matsayin da ke jikin kowanne har yanzu gaskiya ne. Kwamitocin ayyukan Apache duk wata uku suke kai wa hukumar gudanarwa rahoto, ta nan ake gane wanda ya fara sanyi.

Sunan adireshin shafin kuma kada ya kasance a asusun mutum ɗaya da katin bankinsa. Aƙalla mutum biyu su iya shiga, a kunna sabuntawa ta kai tsaye, a rubuta ranar ƙarewar rajistar a kalandar ƙungiya.